Shekarar da Ruwa Ya Huda Daɓen Ɗakina

Garinmu yana bakin fadama, gaba da Gesheme kaɗan, inda ruwa ba shi da nisa. Da damina in ka haƙa kamu uku sai ka ga ƙasa tana gumi. Nan na yi aure, nan na haihu, nan kuma maigidana yake kwance bayan gari, Allah shi jiƙan shi.

Babban ɗana, wanda bakina ba ya kiran sunansa, shina kasuwanci a Dogon Dutsi. Da ɗakina na laka ya tsage, sai ya zo da siminti da kwano ya gina mini sabo, daɓe sumul kamar bayan ƙwarya. Shi ya zaɓi wurin. Ni kuwa na san wurin nan: tsohuwar rijiyar gidan ce, wadda anka cike tun ba a haife shi ba. Na buɗe baki in faɗa, sai na gan shi shina auna ƙasa da igiya, shina murna, na haɗiye maganata. Ɗa ya kawo maka alheri, ba ka tarbe shi da "amma" ba.

Damina biyu lafiya lau. A ta uku anka yi marka, kwana da kwanaki sama ba ta ɗauke ba. Wata safiya na sauke ƙafa daga gado, na ji sanyi. A kusurwar gabas, inda daɓe ya haɗu da bango, wani ɗan rami ya buɗe, bai kai bakin ludayi ba, ruwa na tsattsafowa ta ciki, garau, ba sauri ba tsayawa.

Ba ruwan ne ya dame ni ba. Tun rasuwar ubansa ɗan nan yake bina in koma Dutsi wurinsu. Ɗaki na nan, lantarki na nan, likita kusa. Ni kuwa ban ga abin da zan yi a gidan da ake kulle ƙofa da rana ba. Na san in ya ga ruwan nan, ya sami hujja.

Sai na yi abin da na iya. Na kwaɓa yumɓu da kashin shanu da ƙaiƙayi, irin wanda muke yaɓe rumbu da shi, na cusa, na daddanna da dutsen niƙa. Kafin azahar ya narke ya zama kunu. Na sake, ya sake. Da na ji an ce ɗana na tahe, sai na mirgino randa na ɗora bisa wurin, don a ce ita ke yoyo.

Ya shigo, ya gaishe ni, ya zauna. Ya dubi randa, ya dubi ƙasa.

"Inna, randar nan ai ba komi cikinta."

Na manta ban zuba mata ruwa ba.

Maƙwabciyata, tsohuwa irina, ta leƙo ta ce ai hanyar aljana doguwa ce anka tare, a ba ta nono ta sake hanya. Ɗana ya yi a'uzubillahi har sau biyu. Ya tuɓe riga, ya kwaɓa siminti da kansa, ya zuba bisa ramin, ya shafe. Munka zauna muna kallo. Ba a jima ba ruwa ya yi ƙwai a tsakiya, ya fashe, ya ɗauki simintin ya malale da shi har ƙarƙashin gado.

Ɗana ya wanke hannu ya ce, "Inna, ba zan bar ki cikin laima da ciwon gwiwa ba. Zan aiko maso, maginin da ya san aikin. In ya tsai da ruwan, to. In ya kasa, ranar kasuwa ta sama ina zuwa da mota."

Da ya tahi na zauna na ƙirga akuyoyina da ido.

Mason ya iso bisa kabu-kabu da safe, mutumin Kiyeshe, ya yi furfura a gemu amma na girmi uwarsa. Ya durƙusa, ya sa yatsa cikin ramin, ya ɗanɗana ruwan.

"Kaka, wanga ba ruwan sama ba ne. Mi ke ƙarƙashin nan?"

Na dubi ƙofa, na ga ba kowa, na gaya masa. Ya yi dariya har ya zauna ƙasa.

"Kin kwana bisa rijiya shekara uku, kina biyan mai ja miki ruwa!"

"Kai dai yi abin da ya kawo ka, mai bakin tsiya."

Sai ya ɗauko guduma da ƙarfe mai baki, ya shiga sassaƙe ramin. Na yi salati. Na ce an aiko ka ka toshe, kana ƙara masa baki? Ya ce, "Kaka, ramin da bakinsa ya fi cikinsa faɗi, komi kika sa ruwa zai tofo shi. Sai cikin ya fi baki faɗi, kamar tulu, sannan abin da anka cusa ba ya da hanyar fita." Ya yi ta sassaƙa har ya kai siminti mai ƙwari, ya wanke tsakuwar tas.

Abin da ya yi bayan nan shi ya fi ba ni mamaki. Bai toshe ba. Ya soka siririn tiyo cikin ramin, ya ja shi ta ƙofa har gangaren tsakar gida, ruwan ya bi. Ya ce ba a tare ruwa gaba da gaba. Sai ka ba shi ƙofa ɗaya, ka gina kewaye da ita, in ginin ya yi ƙarfi sannan ka rufe.

Simintin da ya zo da shi cikin gwangwani daban yake, mai saurin kamawa. Ya sa safar roba, ya ɗebi kaɗan, ya yayyafa ruwa, ya cura a tafin hannu kamar dawo. Ya miƙo mini cikin leda in taɓa, na ji ya yi ɗumi kamar ƙwan da kaza ta tashi a kai. Nan take ya danna shi gefen tiyon, ya riƙe, bai motsa ba har ya daskare. Curi bayan curi, har ya zagaye.

Da ya miƙe zai tattara kaya, na ce, "Ba ka gama ba."

Na taka daɓen da ƙafa ba takalmi, a hankali, har bayan gado. Kwana uku ina jin sanyi a wurin, ko da yake ido ba ya ganin komi. Ya ƙwanƙwasa da guduma, wurin ya amsa kamar ganga. Ya dube ni ya ce, "Tsohuwa, gobe ki zo in ɗauke ki aiki." Ya fasa, ga tsaga ta biyu, ita ma ya yi mata yadda ya yi wa ta fari. Sannan ya fita bayan ɗaki, shi da maƙwabta sunka haƙa lambatu mai zurfi sunka cika da duwatsu, don ruwan ya sami inda za shi.

Kwana uku tiyo na ɗiga. Ran na huɗu mason ya dawo, ya zare shi, ya cura curi ɗaya, ya jira ya yi ɗumi, ya cusa da dukkan ƙarfinsa. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Ni kuma na riƙe numfashi tare da shi. Da ya ɗauke hannu, shiru. Ya ce in barbaɗa toka a wuraren biyu, kada in share, kada in taka.

Ana jibi kasuwa anka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, tun hantsi har la'asar. Fadama ta cika, kwaɗi sunka ɗauki kuka. Na zauna bakin gado ina kallon toka kamar mai jinya.

Ran kasuwa ɗana ya zo da mota kamar yadda ya ce, har da igiyoyin ɗaure kaya. Ya shiga ɗaki, ya durƙusa, ya ɗebi tokar da yatsu biyu ya murza, ta tashi ƙura. Ya je bayan gado ya murza waccan. Ya daɗe a durƙushe.

"Maso ya gaya mini zancen rijiya, Inna. Don mi ba ki faɗa ba?"

Na ce, "Kana murna."

Ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "To, gwiwar fa?"

"Tana kai ni inda nike so."

Ya fita ya yi magana da direba. Motar ba ta koma wofi ba: na sa anka ɗora mata damin gero biyu, da kuɓewa busassa, da zabi uku ga jikokina. Na tsaya bakin zaure har ta sha kwana. Sannan na koma ciki, na share tokar, na shimfiɗa tabarma a kan daɓe, na yi azahar a nan.