Ƙwanƙwasa Ukun Kawu

Shekara ashirin da shida Kawu ya yi a kan kujera ɗaya a kamfanin jigilar kaya, yana kallon baƙin allo mai koren rubutu. Aikin ba shi da wani tsawo: ya buga lambar kaya, inda za a kai, da nauyi, wata tsohuwar na'ura da ke can ɗakin ƙasa ta karɓa. Ƙanen mahaifiyata ne, a kan cinyarsa na fara taɓa kwamfuta. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake ce mini Uwata.

Gaɓɓan yatsunsa sun kumbura, tabarau kuwa ya canza har biyar. Abokan aiki sun sa shi a gaba da tsiya saboda abu ɗaya: duk ya buga lambar kaya, sai ya ƙwanƙwasa tebur sau uku kafin ya ci gaba. Wasu suka ce camfi ne, wasu suka ce tsufa. Shi ko kallo ba su ishe shi ba.

Wata shida da ɗaukata aiki a wurin, manaja ya kira ni. Yana so in sa baƙin allon nan a wata ƙaramar taga cikin sabuwar manhajarmu, manhajar ta riƙa buga rubutun da kanta. Bai ambaci kowa ba, amma ni ba yarinya ba ce. Na san ranar da abin ya yi aiki, kujerar Kawu ta tafi.

Na zauna a gefensa na kwafe duk abin da yake dannawa, ɗaya bayan ɗaya. Bai hana ni ba, bai kuma taimake ni ba. Sati uku ina gwaji, cikin kaya ɗari sai bakwai ko takwas sun hargitse, nauyi ya faɗa gurbin inda za a kai, sauran su bi shi a karkace. Na gaji har ƙashina. In faɗi gaskiya kuma, duk ta rikice sai in ji wani sanyi a raina.

Ranar da manaja ya wanke ni tas a bakin ƙofa, kowa yana ji, Kawu ya jira ofis ya yi shiru lokacin cin abincin rana. Ya jawo kujerarsa kusa da tawa.

"Uwata, sa manhajarki ta buga wannan lambar."

Na sa. Ta rikice.

"Kayan da aka dawo da su ne," in ji shi. "In na'urar ƙasa ta taɓa ganin lamba, sai ta yi tambaya a layin ƙarshe, wai a ci gaba? Amma tsohuwa ce kamar ni, takan daɗe kafin ta buɗe baki. Ƙwanƙwasar nan da kuke wa dariya, jiranta nake. Taki ba ta karatu, rubutu kawai ta iya. Koya mata ta tsaya, ta duba layin ƙasa, ta amsa."

"Kawu, kun san abin da zai biyo baya fa."

"Na riga ki sani. Yi aikinki, na gaji da ganin ana yi miki faɗa a kaina."

Layi goma sha biyu na umarni na ƙara wa manhajar. Kaya dubu suka wuce sumul. Aka taru ana tafi, Kawu na zaune hannuwansa a kan gwiwa, yana kallon haruffa suna bin juna babu mai taɓa su. A ƙarshen wata aka ba shi takardar sallama.

Kwanan baya na biya gidansu da safe zan kai saƙon mahaifiyata. Na tarar da shi a bakin ƙofa cikin rigarsa gogaggiya, jaka a hammata, zai fita ƙarfe bakwai kamar kullum. Ni na san inda yake wuni, benci ne a bayan tashar bas. Matarsa ta kamo hannuna da duka hannayenta.

"Allah Ya yi miki albarka, 'yata. Ya ce tunda kika zo wurin nan aiki ya yi masa sauƙi, ko ciwon yatsun ya daina."

Ta bayan kafaɗarta Kawu ya dube ni, ya girgiza kai kaɗan.

Na ce, "Amin, Anti."