Ranar da Kakana Ya Hau Gada

Har yau in na ji warin kwalta a kan wuta, kakana nake tunawa. Da ita yake liƙe tsagar jirginsa a bakin kogi, can ƙarshen unguwarmu, inda gidajen Malanville ke ƙarewa yashi ya fara. Ni ce jikar da ke riƙe masa gwangwani. Yana ce mini amaryarsa, ni kuma in ce ba na son miji mai ƙarnin kifi.

Kafin a gina gadar da ta haɗa mu da Nijar, shi ke fiton mutane zuwa Gaya. Albasa, jakuna, amare, babu abin da bai shiga jirginsa ba. Gada ta zo ta ƙwace masa sana'a, shi kuwa ya ƙulla gaba da ita. Shekara da shekaru bai taɓa taka ta ba. In zai ga ƙanwarsa da ke aure a Gaya, jirgi yake turawa, ya wuce ta ƙarƙashin gadar ko ɗaga kai ba ya yi. Kakata takan ce ba ta taɓa ganin mai fushi da siminti ba sai shi.

Wata damina kogi ya cika ya yi ja wur, ya shanye fadamar shinkafa, yana tafe da itatuwa. A lokacin ne saƙo ya zo cewa ƙanwar tasa tana kwance, kuma shi kaɗai take kira. Babana da baffana suka ja jirgin tudu suka ɗaure, suka ce babu mai shiga ruwan nan. Kaka ya yi faɗa har ya ƙi cin tuwo. Kowa ya san in bai je ba aka yi rashi, ba zai yafe wa kansa ba.

Da safe sai ga shi cikin babbar riga.

“Amarya, taho ki kama mini hannu,” in ji shi. “Ni dai ba ni kallon abin ga.”

Muka bi ta bayan kasuwa, muka wuce ’yan duwan, wato kwastan, da jerin manyan motoci. Muna hawa gadar ya runtse ido, ni ina jan sa, ’yan kabu-kabu suna ta yi mana dariya. A tsakiya wata mota mai kaya ta wuce, gadar ta girgiza, ya buɗe ido don tsoro. Daga nan ya tsaya cak.

Ka ga, duk rayuwarsa daga cikin jirgi ya san kogin, bai taɓa ganin sa daga sama ba. Ya dafa ƙarfe ya fara nuna mini. Ga inda kogin Sota ke zubowa. Ga hanyar Madécali, inda yake kai gishiri. Ga yamma wajen Toumboutou, inda ubansa ya koya masa tuƙi. Ga tsamiyar tsohuwar mashiga, tun garin yana ’yan bukkokin masunta. Ni kuwa hankalina ya tashi, ina tsoron kada mu makara, na yi ta jan rigarsa.

“Ashe haka shamuwa ka ganin shi,” ya ce a hankali, sannan ya biyo ni.

Mun sami ƙanwar tasa da rai, a jingine, ana ba ta kunu. Ta tambaye shi ta ina ya biyo da wannan ruwa, ya ce ta inda ya saba. Ta daɗe tana duban ƙafafunsa.

“Yaya, yau ƙafarka ba laka.”

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, shi ma ya kasa riƙe tasa. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba. Allah ya ba ta lafiya, ta ƙara ganin damuna da dama. Shi kuma ya ci gaba da zagin gadar a gida, amma duk sanda ruwa ya cika sai ya tuna yana da gaisuwa a Gaya.

Yanzu dukansu sun riga mu gidan gaskiya. Gidajen bulo sun cinye yashin, tsamiyar ma an sare. Da aka rufe gadar a ’yan shekarun nan, mutane suka koma fito, ni ma na shiga jirgi mai inji, warin kwalta yana dukan hancina. Na san da yana raye da mun sha gori. Da muka zo kusa da gadar, na ɗaga kai ina neman daidai inda ya tsaya.