Ranar da Surukina Ya Sa wa Motar Gwaji Albarka

Edita, bayan gaisuwa, ina roƙon ɗan fili in sauke wani abu da na daɗe ina ɗauke da shi. Yanzu in na ba da labarin mutane dariya suke yi, ni ma ina taya su, amma wallahi lokacin da abin ke faruwa ko murmushi ban iya ba.

A shekarun da kuɗin man fetur suka fara zubowa ƙasar nan, ni matashi ne mai buga bulo da sayar da siminti a Bolari, cikin garin Gombe. Kasuwa ta buɗe mini sosai, don an yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowa ya tashi sai ya rushe ɗakin ƙasa ya yi na bulo. Matsalata ɗaya ce, wato dako. Da amalanke da jakuna nake kai wa mutane kaya, kafin a isa rabin bulon ya farfashe, mai gini kuma ya gaji da jira ya koma wajen wani. Shi ya sa na ƙulle bakin aljihuna na yi ta tari, har na haɗa abin da zai sayi mota ya bar mini jarin siminti. A lokacin aurena bai daɗe ba, matata ta haifi ɗanmu na fari tana wankan gida a wajen iyayenta a unguwar Madaki.

Dole in yi muku bayanin surukina, in ba haka ba za ku ɗauka taɓin hankali ne ya same ni. Dattijo ne Bafulatani, mai filaye da shanu, wanda maganarsa ta yini guda ba za ta cika cokali ba. Tsakanina da shi kunya ce irin ta da. Na fi sanin ƙafafunsa a kan fuskarsa, don tun daga nesa nake tuɓe takalmi in durƙusa, kaina a ƙasa har in tashi. Ban taɓa shan ko ruwa a gabansa ba, ban taɓa haɗa masa zancen da ya wuce gaisuwa ba. Shi ma bai taɓa kama sunana ba, sai dai ya ce yaron nan na Bolari.

Akwai wani dillalin motoci mutumin gabas da ya dawo Gombe bayan yaƙin basasa, Hausa a bakinsa kamar a nan aka yanke masa cibiya. Na same shi da motoci biyu sababbi fil, a-kori-kura guda, da jif guda irin ta shiga daji. Na gaya masa a-kori-kura nake so, ya ce ai ba a sayen mota da ido, in hau kowacce in ji da jikina, sannan in zaɓa.

Da a-kori-kura muka fara. Motar ba ta da tsayi, shigarta kamar ka zauna a kujerar falo, giyarta a jikin sitiyari take, kana taɓawa ta shige. Da muka fita babu kaya sai bayanta ya riƙa tsalle a kan gargada kamar ɗan akuya, har na fara ɓata rai. Dillali ya yi dariya ya ce yunwa take ji, mu je shagona a ba ta abinci. Muka loda mata siminti har ta ɗan zauna, muka sake fita, sai ga mota ta natsu tana tafiya sululu, ko kofin shayi ka ajiye ba zai zube ba. Muka ratsa ta bakin kasuwa, ina tuƙi ina jin zuciyata fari tas. Aibinta ɗaya na gani, da muka shiga wani yashi ta ɗan yi gardama, sai da muka ja da baya muka sake hanya. Na ce wannan ba komai, ai ba a cikin rafi mutane ke gini ba. A raina na gama ciniki tun a ranar.

Washegari na koma don in biya, dillali ya ce sam, alkawari ne sai na ɗanɗana jif. To, ni ma dai ɗan Adam ne. Na kama ƙofa na haye, na ji ni a sama kamar na hau raƙumi, ina hango kan kowa. Sitiyarinta nauyi, sai ka sa ƙarfin kafaɗa kafin ta juya, kujera kuwa tauri kamar benci a makarantar firamare, ƙarar inji ta cika ciki har sai mun ɗaga murya. Amma da muka isa yashin da ya ba mu kunya jiya, ya nuna mini wata ƙaramar giya a ƙasa da ke sa ƙafafu huɗun su ja tare, na tura ta, mota ta bi ta kan yashin nan kamar kwalta. Muka gangara wani kwari irin waɗanda ruwa ke yankawa a Gombe, na riƙe numfashi, ta haura ɗaya gefen tana gurnani ko gezau. Kai, mota ce! Sai dai da na waiwaya baya na ga kujeru da rufi da ƙofa guda ƙarama, na tambayi kaina ta ina bulo zai shiga. Na gaya wa dillali cewa ta burge ni, amma motar jami'an gwamnati ce irin su Di'o, ba ta mai siminti ba, mu koma in ɗauki tawa.

A hanyar komawar ne shaiɗan ya raɗa mini in bi ta Madaki. Ba wani abu nake nufi ba, so nake kawai in wuce ta ƙofar gidan, ko wata a cikin gida za ta hango ni ta kai wa mai jego labari cewa an ga mijinta a saman jif. Na manta shaf cewa bayan la'asar ne. Ina karyo kwana sai ga surukina zaune a kan tabarma a ƙofar gida, da liman, da wasu dattawan unguwa. Lungun ba ya juyuwa, kuma duk duniya babu yadda za a yi in wuce surukina yana zaune a ƙasa ni ina bisa mota. Na taka birki, na sauko, na tuɓe takalmi, na durƙusa.

Ban gama gaisuwa ba liman ya ce masha Allahu, ashe yaron ya yi mota, kuma ya kyauta da ya fara kawo ta gaban manya. Na buɗe baki in ce ta gwaji ce, sai na ga ƙafafun surukina sun motsa. Tsohon da ba ya tashi don kowa ya miƙe, ya taka har gaban motar, ya ɗora hannu a kanta, sannan ya ce Allah ya sanya alheri, ya tsare ta daga sharrin ƙarfe. Shi ke nan, bakina ya mutu. Ta yaya zan ce wa wannan mutum a gaban abokansa ya yi kuskure, ya janye hannunsa? Liman ya ɗaga hannu ya shiga addu'a mai tsawo, kuma duk wurin babu wanda ya kai dillalina ƙarfin amin, mutumin da ranar Lahadi coci yake zuwa. Kafin a shafa, labari ya shiga cikin gida, na ji guɗa ta tashi. Aka aika aka sayo goro aka raba. Goggon matata ta leƙo tana cewa ai tun ranar ɗaurin aure ta san yaron nan zai yi abin kai. Ni kuwa ina durƙushe gumi na bin bayana, ina ta cewa na gode, na gode.

Da muka bar unguwar na dubi dillali na ce masa ya sani fa har yanzu a-kori-kura nake so. Ya ce ai ba matsala, kuɗina ne, zaɓina ne, shi dai abin da yake tunani shi ne me zan ce wa Baba in ya tambayi motar da ya sa wa hannu. Ya faɗi haka yana kallon taga kamar ba shi ba. Na kwana biyu ina jujjuya abin. Da safe aka aiko mini da waina ta sadakar mota daga Madaki. A kasuwa mutane suka riƙa tare ni suna yi mini murna. Na lallaɓa wajen mai jego na gaya mata gaskiyar magana cikin raɗa, na kuma haɗa ta da Allah kada ta kuskura Baffanta, wato surukina, ya ji, don kunyar za ta kashe ni. Ta dube ni kamar za ta ce wani abu, sai ta ci gaba da shayar da yaro. Na je na sayi jif, ta haɗiye kuɗin mota ta haɗa da jarin siminti.

Daga nan wahala ta fara. Na cire kujerun baya na mai da ita motar dako ƙarfi da yaji. Siminti kaɗan take ɗauka, shi ma sai lebura ya shiga a sunkuye yana buga kai da rufi yana tsine wa wanda ya ƙera ta. Bulo kuwa in muka jera, tsallen farko sai ka ji ƙas, a isa wurin gini a sauke tsakuwa. Ƙurar siminti ta cika ciki, kullum na fito kamar wanda aka tono. Ga shan mai kamar rijiya. Sannan tunda motar albarka ce, ta zama ta jama'a: kai amarya ƙauye, ɗauko mara lafiya, zuwa ta'aziyya inda babbar mota ba ta shiga, duk ni ne. A-kori-kurar nan kuwa wani mai buga bulo da ke kusa da ni ya saye ta. Kullum sai ya wuce ta gaban filina da lodi har sama, ya danna mini ham yana ɗaga hannu, ni ma in ɗaga masa ina jin kamar in fashe da kuka.

Abu ɗaya ke sanyaya mini rai. Duk ranar kasuwar ƙauyen da shanun surukina suke, nakan je in ɗauke shi in kai shi. Yakan zauna a gaba ya riƙe ƙarfen da ke gabansa da hannu biyu, mu yi ta tsalle a kan hanyar daji, ba ya cewa uffan, ni ma ba na cewa. In mun dawo ya sauka a hankali ya ce Allah ya yi albarka. Sai in ce a raina, ko ba komai dai tsohon yana jin daɗin motarsa.

Damina biyu na yi a haka. Masu gini suka gudu ɗaya bayan ɗaya, leburorina suka koma wajen maƙwabcina. Ran nan na matsa mata lodi don in cika wani alkawari, muna cikin tafiya ƙarfen ƙasanta ya karye, ta zauna a tsakiyar hanya kamar saniyar da ta gaji. Na gyara ta da ƙyar na sayar wa wani ɗan kwangila a wulaƙance, na dawo gida a ƙasa.

Na shiga na gaya wa matata cewa mota ta tafi, kuma abin da ya fi damuna shi ne yadda Baffa zai ji. Sai matar nan ta ajiye tsintsiya ta zauna daɓas ta kama dariya har da riƙe ciki. Na fusata na ce me ya yi daɗi. Da ƙyar ta iya gaya mini cewa tun ranar da aka yi addu'ar nan Baffa ya shigo gida ransa a ɓace. Ashe ya hango ni a bakin kasuwa cikin a-kori-kura da lodin siminti, ya yi murna ya ce yaron yana da hankali. Da ya gan ni da jif washegari gabansa ya faɗi, amma ya ga ba zai kunyata surukinsa a gaban mutane ba, tunda a zatonsa na riga na saya. Tafiyar ƙauyen nan kuwa, duk ranar da muka dawo sai an dafa ruwa an gasa masa baya, wani lokaci ya kwana biyu yana sallah a zaune. Ba ya so ya ƙi shiga ne kada in ce ya raina motata. Kuma shi ma ya haɗa ta da Allah kada in ji.

Na ce mata, yanzu ke kin san duka biyun kika zuba mana ido shekara biyu? Ta share hawayen dariya ta ce to wa za ta saɓa wa, uba ko miji? Kowannenmu rantsuwa ya ɗora mata, babu wanda ya tambaye ta shawara. Gaskiyarta ce kuwa.

Na koma kan amalanke, na daɗe kafin in farfaɗo, kuma ban sake kamo maƙwabcin nan nawa ba har na bar sana'ar. Surukina ya rasu ba mu taɓa yin maganar ba, Allah ya jiƙansa.

Shawarata ga matasa, in an ba ku mota gwaji ku nufi bayan gari, kada ku bi ta inda aka san ku, balle unguwar surukai. Kunya abu ne mai kyau, ban ce a yar da ita ba, amma in bakinka ba zai iya faɗin gaskiya ga babba ba, nemi wanda zai kai maka ita a ranar, kafin a raba goro. In kuma ka gaya wa matarka damuwarka, ka bari ta yi magana kafin ka sa ta rantse. Jarin da na rasa na daɗe da haƙura da shi. Abin da har yau yake sosa mini rai shi ne bayan dattijon nan da na yi shekara biyu ina jijjigawa a hanyar daji, ina zaton kyautata masa nake yi.