Hannun Daman Alkasum

Alkasum ɗan maƙera ne, jikan maƙera, kuma in ka ba shi fuska sai ya jero maka kakanninsa har kunnenka ya gaji. A tsohon garin Agadas ya tashi yana ƙera azurfa. Da tawaye ya kori baƙi masu yawon buɗe ido, kasuwar ta mutu, sai ya dawo atiliyen, wato shagon da nake walda, inda muke yi wa motopompi, injinan ban ruwa, kayan gyara.

Muna da wata na'urar awo mai dogon hannu da allura a baki. Wani Bature injiniya ya koya masa ita. Za ka ɗaure ƙarfen a kan teburi, ka taɓa shi da allurar sau uku a sama, sau biyu a gefe, sau ɗaya a kusurwa, don zanen da ke cikin ordinater, wato kwamfuta, ya zauna daidai a kan ƙarfen. Sannan na'ura ta faɗi ko ramukan suna inda ya kamata. Baturen na zaune gaban ordinater, Alkasum na tsaye yana fuskantarsa, kusurwar farawa tana daman Alkasum. Abin ya yi masa daɗi ƙwarai. Ya riƙa yi mana tsiya wai ko ƙarfen Nasara ya san da dama ake farawa.

A 2010 soja suka karɓi mulki, Baturen ya tattara ya tafi, Alkasum ya gaji kujerarsa. Daminar baya ba ta yi ba, rijiyoyin ƙauyen Timiya sun ja ƙasa. Kawunsa Illiya ya sauko daga can neman murfin pompi shida, nasa da na maƙwabtan garkarsa, ya ce lemunsa sun fara zubar da ganye.

Muka yi su cikin kwana huɗu. Na'ura ta nuna ja, alamar kuskure, a kan duka shidan. Alkasum ya jujjuya su a hannu, ya ce shi idonsa bai ga aibu ba, amma wane ne shi da zai ƙaryata na'ura. Aka narkar da su. Wannan har yau yana ba ni haushi: mutumin da ke gane tsaga mai sirin gashi a zobe ya ƙi yarda da idonsa.

Sati uku muka jira ƙarfe daga Damagaram. Na biyun ma ja. Ran nan na zo na tsaya inda yake tsayawa a da, na ga ya yi bismilla ya miƙa allura damansa. Na ce masa ai kusurwar tana nan wajen damata. Ya dube ni, ya dubi kujerar da yake kai. Tun da ya zagayo teburin, zanen a juye yake zama. Ya sake awon daga waccan kusurwar, duka suka fito daidai; ashe na farkon ma lafiyarsu ƙalau.

Duka shidan suka tafi Timiya washegari. Bayan wata biyu Illiya ya zo, ya sauke buhu a ƙofar maƙerar gidansu.

Alkasum ya ce, "Kawu, ruwan ya hau?"

"Ya hau, alhamdulillahi. Ga gawayi na kawo maka, na itatuwan lemun nan ne da suka bushe. Ya fi na ƙirya kama wuta."

Shekara nawa ke nan, buhun na nan a zaure, bai kwance bakinsa ba.