Ranar da Na Wanke Kawu Ƙal da Turanci

Ko sunan unguwarmu zan manta, ba zan manta ranin da na sallami kawuna daga asibiti da bakina ba, alhali ko allura ban taɓa riƙewa ba. A shekarun tamanin ne, ina aji biyu na sakandare, lokacin da ruwan kanal ya mai da ƙauyenmu na kusa da Bunkure kore shar. Ni kaɗai ne mai karanta Turanci a gidanmu. Ko rubutun jikin buhun taki sai an aika a kira ni. Kaina ya kumbura har hula ta fara matse ni.

Kawu, ƙanin mahaifiyata, manomin tumatir ne, wuni yake tsundum a ruwa yana ban ruwa. Sai ya fara fitsarin jini, ya rame, ga jiri. Kakata ta tasa shi gaba har asibiti a Kura. Likitan Ba'indiye ne, tafinta kuma sauri yake yi, saboda haka abin da Kawu ya tsinta a duk bayanin kalma ɗaya ce: Kano. Ya dawo da takarda da wata 'yar kwalba fanko, fuska a murtuke, don tumatir ya nuna kuma zuwa Kano ba ya ransa.

"Kai Bature, zo ka karanta mana," in ji shi.

Na karɓi takarda, na yi gyaran murya sau uku. Rubutun likitan kamar tsutsa ce ta faɗa tawada ta fito tana neman hanya, ko harafi ɗaya ban gane ba. Amma akwai kalmomi biyu da aka buga da inji, ɓaro-ɓaro: a sama "clinical", a ƙasa "pathological". Ban taɓa gamuwa da ko ɗaya ba. Ga kakata ta zuba mini ido, ga matan gida sun bar daka. In ce ban sani ba? Ni?

Sai na yanka ta farko gida biyu, kamar rake. "Kawu, albishirinka! Wannan kilinikal ce. Kilin, a Turanci, tsabta ke nan. Ƙal kuwa kai ma ka san ƙal. Likita ya ce cikinka tsaf yake, kilin ƙal!"

"Turawa ma suna cewa ƙal?"

"A wurinmu suka ara."

Ta biyun ta fi ba ni wuya, amma na tuna "path" hanya ce, "logical" kuma abin hankali. "Nan kuma cewa ya yi ka kama hanya cikin hankali ka koma gida. Ka ga ƙarƙashinta ma bai rubuta komai ba, magana ta ƙare."

"To Kanon da na ji fa?"

"Cewa ya yi ba sai ka je ba."

"Kwalbar fa, angona?" in ji kakata, da yake haka take tsokanata.

"Kyauta ce, ta wanda aka samu lafiyarsa ƙalau."

Nan take ta rangaɗa guɗa, ta karɓe kwalba ta zuba kwallinta a ciki. Kawu ya saya mini tsire har na ƙoshi, ya shiga gari yana cewa Ba'indiye ya duba shi ya same shi ƙal. Kwana biyu a tsakani, duk wanda aka gaisar a bakin kanal sai ya amsa da "Kilin ƙal!" Ni kuwa tafiyata ma ta canja.

Kwana goma muna wannan shagali, jini bai tsaya ba. Ina ganin Kawu yana dafa kwando in ya miƙe, sai in kau da kai. Ran nan muna tsinkar tumatir, malamin asibitin yankinmu ya tsaya da babur zai saya. Kawu ya zaro takarda daga aljihu cikin alfahari, ya maimaita masa fassarata kaf. Malam ya yi dariya har babur ya kusa kayar da shi. Da ya kalli idon Kawu kuwa, sai dariyar ta ɗauke.

"Wa ya karanta maka?"

Kawu ya nuna ni. Na sa kaina cikin kwando kamar ina neman ruɓaɓɓe.

"Matso, Likita," in ji malam. "Clinical na nufin abin da likita ya gano da kansa a jikin mara lafiya: ya tambaye shi, ya dube shi, ya taɓa shi. A nan ya rubuta yana zaton tsargiya ce, ta ruwan kanal. Pathological kuma abin da ya shafi ita cutar kanta ne, yadda take ɓarna a jiki, wanda ake tabbatarwa in an sa fitsari ko jini a madubin gwaji. Gurbin nan da ka ce magana ta ƙare, masu gwaji na Kano aka bar wa su cike. Kwalbar ta fitsari ce. Tana ina?"

"Inna ta zuba kwalli," in ji Kawu a hankali.

"To a wanke ta ko a ba ka wata. Gobe ka tafi. Ciwon nan in ya daɗe mafitsara yake ci."

Kawu ya juyo. Ban san mara lafiya na gudu haka ba. Na tsallake kwanduna bakwai, na ratsa albasar maƙwabci, yana bayana da takalmin roba yana ihu, "Tsaya in yi maka kilin ƙal, ɗan banza!" Da na ga ba mafita, sai na yi tsalle na faɗa kanal tsundum. Malam ya ɗaga murya daga kan babur: "Madalla! Shi ma a ba shi kwalba!"

Washegari muka shiga motar Kano, ni da Kawu, kowa da kwalbarsa a aljihu. Aka gwada, aka samu ƙwan tsargiya a nasa, aka samu a nawa ma, don dama ni ɗan wankan kanal ne tun ina ƙarami. Aka ba mu magani. Ma'aikacin da ya miƙa wa Kawu sakamako ya ce ya yi sa'a da bai ƙara wata guda ba. A hanyar dawowa ya dungure mini kai, sannan ya saya mini rake.

Kawu ya warke sarai, har yau kuma in muka haɗu sai mun yi dariya har hawaye. Amma ni na san abin da ya kusa faruwa, kuma na san dalili: kunyar kalmomi uku ce kawai. Tun daga ranar, duk wanda ya miƙo mini takardar asibiti na ga abin da ya fi ƙarfina, sai in mayar masa da hannu biyu in ce, "Ban sani ba. Tashi mu je mu tambaya."