Janareta a Waƙar Surukata

Shekarar da surukata ta yanke shawarar barin Badarawa ta koma ƙauye, abu ɗaya ta ce za ta tafi da shi: waƙar da ta daɗe tana ja wa zumuntar mata baki a cocinmu. Ni malamin makaranta ne mai kwamfuta, wanda a wurin surukai shaida ce cewa na iya komai, daga gyaran waya har fassarar mafarki. Aikin ya faɗo kaina. Tun da na auri 'yarta ban taɓa jin madalla daga bakinta ba. Iyakar abin da na taɓa samu shi ne, "To, ba laifi."

Muka ɗauki waƙar wata Asabar, ga tulu ga kacau-kacau, mata cike da benci. Babu wuta, sai aka tayar da tsohon janaretan coci a bayan taga. Na koma gida na duƙufa tacewa. Na cire tari, na cire kukan jariri, na danne wata da ke shiga baiti kafin kowa. Gurnanin janareta kuwa na kankare shi tas, har waƙar ta fito kamar farar rigar makaranta ranar Litinin. Don tsabar yarda da kaina na goge ɗaukar asali.

A zumunta ba a jin sabon abu a taro. Gida-gida ake kai shi, daga ƙanana zuwa shugaba, kuma kowane gida sai ka ci abinci. Mai tulu ta ce ba a jin tulu, na ɗaga shi. Mai kacau-kacau ta ce tulu ya danne ta, na ɗaga ta. Wata dattijuwa a Unguwar Rimi, wadda ba ta ma zo ranar ɗauka ba, ta saurara ido rufe ta ce muryarta ta yi ƙasa. Na taɓa madanni don ladabi, ta ce yawwa. Da na gama zagaye kowa ta hau, waƙar tana nan yadda take sai ƙarin ƙara, wandona kuma ya matse.

Surukata ce ta ƙarshe. Ta ji baiti ɗaya ta ɗaga hannu.

"Malam, su wane ne waɗannan?"

"Ku ne, Mama."

"Mu? Kamar marayu haka? Ina na ƙasan?"

Na tuna mata cikin ladabi cewa babu namiji a zumunta.

"Na ce maka namiji? Wanda yake riƙe mu."

Ta rufe baki ta yi wani gurnani mai kakkarwa. Janareta ne sak. Ashe duk shekarun nan daga gare shi suke ɗaukar murya. Na tace waƙa, na kori mai ba da murya.

Kafin nan coci ta sa sola, an ba wani mai aski a Katabu janaretan. Na ɗauki kayan ɗaukar sauti na bi hanyar Zariya. Mai askin, mutum mai haƙuri, ya saurare ni har ƙarshe.

"Ranka ya daɗe, ba aski ba, muryar inji?"

Ya tayar da shi. Ashe ya kai shi gyara, yana ta lumfashi a hankali kamar mage. Na kira surukata na kara wa injin waya.

"Ba shi ba ne," in ji ta. "Wannan ya ƙoshi."

Masu jiran aski suka shigo maganar, don ba a taɓa taɓa sauti a ƙasar nan aka rasa masu shawara ba. Wani ya ce a sassauta noti. Wani, rabin kansa a aske, ya ce a jona masa fanka da dutsen guga ya ji a jikinsa. Aka cire katakon da ya tokare shi, inji ya fara rawar ɗari yana tari. Sai muka ji murya daga waya ta kama baitin farko, daidai, ba tare da an ce ta fara ba.

"Mama ta iya," in ji mai aski. "Ɗauka mana, malam, kafin ya mutu."

Na shimfiɗa gurnanin a ƙarƙashin matan, na kai mata ana ɗaure kaya. Ta saurara har ƙarshe tana kaɗa kai.

"Madalla."

Kwamfutar take kallo, ba ni ba, amma ni na amsa.

Ba ta daɗe a ƙauye ba ta kira ni. Can babu wuta sam. Duk sanda ta kunna waƙar a 'yar lasifikarta, sai maƙwabta su cika ƙofa da wayoyi, wai sun ji ta tayar da inji, a taimaka da caji.

"In rage shi, Mama?"

"Ka rage wa? Na gaya musu ɗana ne ya sa min. Ka ƙara shi kaɗan, na bayan rafi ba sa ji."