Rantsuwar da Baba Ya Hana

A unguwarmu a Illela ba a tambayar mutum wa zai zaɓa. Abin da ake tambaya shi ne, "Mi Alhaji ya ce?" Alhajin nan mahaifina ne. Ya yi aikin mulki har ya yi ritaya, kuma tun tasowata na san yadda zaɓe yake a wurinsa: dattawa su zauna a zaure su tsai da mutum, a kai magana wurin malamai da masu unguwanni, daga nan har ƙauyukan Tozai da Lafani kowa ya bi. Shi a ganinsa wannan ba siyasa ba ce, tarbiyya ce.

A zaɓen da nake magana, wanda suka tsayar ɗan babban gida ne, karo na uku ke nan. Lokacin da aka rufe iyaka, albasa ta ruɓe a buhu, 'yan kabu-kabu suka yi zugum a tasha, ko leƙo mu bai yi ba. Ƙanena, da ke fataucin albasa tsakanin nan da Ƙonni ta tsallaken iyaka, bakinsa ba ya shiru. A gaban Baba yake cewa, "Wallahi Baba, mutumen ga bai san muna raye ba." Ni kuwa ɗan fari ne, malamin makaranta, ban taɓa musa wa Baba ko sau ɗaya ba. Ranar zaɓe na shiga rumfa na dangwala wa ɗaya ɓangaren, na goge yatsa, na fito na tsaya kusa da Baba.

Bayan la'asar aka zazzage akwatin zaɓen ƙofar gidanmu, aka ƙirga a gaban kowa. Mun sha kaye, wannan ba shi ne abin ba. Abin shi ne ƙuri'un da muka samu ba su kai yawan baligan gidanmu ba. Gida ne babba, da baffanni da matansu da surukai, kuma Baba da kansa ya kai kowa yankan katin zaɓe, ya san adadinsu sarai. Ya naɗe darduma ya shige.

Kwana uku ana zuwa jaje, kamar an yi rasuwa. Mutum ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya ce, "Alhaji, ya haƙuri? Allah ya sa haka shi ne mafi alheri." Kai, mutane! Waɗanda suka zo jaje sun ninka waɗanda suka zaɓe mu ninkin ba ninkin. Ina zaune ina amsa gaisuwa, ina jin haushinsu, alhali ni da su duk ɗaya ne.

A rana ta uku dattawan suka zauna shawara. Wani tsohon alƙali, abokin Baba, ya ce gaskiya zamani ya juya, in ana son tafiyar nan ta ɗore sai an riƙa jin ta bakin matasa kafin a tsai da mutum, har mata ma. Wani ya ce duk laifin waya ne. Wani ya ce a lallaɓa a koma wajen waɗanda suka ci, kada a bar mu a rana. Baba ya bari suka gama, sannan ya ce ba tafiyar ce ta lalace ba, gidaje ne suka lalace. Kowa ya koma ya gyara gidansa, jama'a za su gaji su dawo. Shi zai fara da nasa.

Bai taɓa kawo wa ransa cewa matan gida za su iya yanke shawara da kansu ba. Dole wani ne ya hure musu kunne, kuma wanin nan ai a fili yake. Da safe ya kira ƙanena zaure, ya ce ni ma in zauna in zama shaida.

"Kai ka kunyata ni ƙofar gidana," in ji Baba.

Ƙanena ya ce wallahi tallahi ba shi ba ne. Ya miƙe zai yi alwala, ya ce a ɗauko Alƙur'ani ya dafa. Nan Baba ya daka masa tsawa. "Zauna! Ka ci amanata, kuma in bar ka ka ƙara da rantsuwar ƙarya? Ba ni barin Alƙur'ani shi ci ɗana ina kallo." Har ga Allah tausayinsa ne ya sa ya hana. Da ya bari ya dafa, da ya yarda da shi nan take, don a gidanmu ba a wasa da wannan. Ni kuma ina zaune, kaina a ƙasa, bakina ya yi nauyi. Tsoro ne, ba wani abu ba.

Baba ya ce ƙanena ya fita ya bar masa gida. Kafin azahar ƙanena ya ɗora kayansa da matarsa a mota, ya tsallaka Ƙonni.

Daga nan Baba ya jawo ni jiki. Duk zaman dattawa sai ya tafi da ni, ya ce musu ga wanda zai riƙe bayansa, ga shaidar cewa tarbiyya ba ta mutu ba. Zauren kuwa kullum raguwa yake. Wasu sun rasu, wasu sun sauya sheƙa, alƙalin ma ya daina zuwa.

Bayan damina na ci karo da ƙanena ranar kasuwa, wajen masu albasa. Ya rame. Ya ja ni gefe ya riƙe hannuna.

"Yaya, kai shike jin maganarka. Ka gaya mai nashi na zaɓa. Ban ƙaunar mutumen nan ko kaɗan, amma Baba ya ce, na kasa saɓa mai. Don Allah ka gaya mai."

Na ce zan gaya masa. Da na koma gida na tarar da Baba shi kaɗai a zaure. Wani ya riga ya kai masa labarin an gan mu tare.

"Ka gane shi?"

"Na gan shi, Baba."

"Mi ya ce? Ya yi nadama?"

Ya ɗago yana kallona, idonsa ya kawo ruwa. Kalma ɗaya yake jira ya ce a je a dawo da shi. Amma in ba ƙanena ba ne, tambaya ta gaba ita ce to wane ne.

Na ce, "Bai ce komai ba."